Maurice Walsh (1879–1964): Marubucin Soyayyar Da Fim Ya Haɗiye Sunansa

'Yan'uwana ɗalibai, na san wani zai ce me ya haɗa mujallar Hausa da Baturen ƙasar Ailan wanda ya rasu fiye da shekara sittin da suka wuce. Amsar tana Sabo ta Ibadan, unguwar da aka haife ni. Wata rana a bakin titin Mokola na tsaya wurin wani mai sayar da tsofaffin littattafai, na ɗauki wani mai suna Green Rushes, bangonsa a yage, ga hatimin ɗakin karatu na wata makarantar mishan a shafin farko. Ba abin mamaki ba ne, don limaman Katolika 'yan Ailan sun daɗe suna koyarwa a ƙasar Yarbawa. A lokacin ba abin da nake karantawa sai littattafan soyayya na Kano da masu zuwa Arewa kan kawo mana tsaraba. Arha ce ta sa na saye shi. Sai da na yi nisa a ciki na tarar da labarin wata amarya da ta kafe a kan sai an ba ta dukiyar aurenta, na ce ashe su ma suna da irin wannan rigima. Abin da ya sa na bi diddigin marubucin ke nan.

An haifi Maurice Walsh ranar 21 ga Afrilu, 1879, a ƙauyen Ballydonoghue kusa da garin Listowel, cikin gundumar Kerry a kudu maso yammacin Ailan. Mahaifinsa John Walsh manomi ne mai son dawaki da littattafai, kuma yana cikin ƙungiyar da ta tashi neman wa manoma haƙƙinsu daga hannun manyan masu ƙasa. A wancan zamani Ailan tana ƙarƙashin Birtaniya, ba ta ma gama farfaɗowa daga babbar yunwar 1845 zuwa 1852 ba, wadda ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, ta kori wasu kamar haka zuwa ƙetare. Daga nan barin gida ya zama ruwan dare, saurayi ya tasa sai ya nufi Amurka ko Ingila. Mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya.

Ya yi firamare a Lisselton, ya wuce kwalejin St Michael's a Listowel, ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati. A 1901 aka ɗauke shi ma'aikacin kwastan, aka tura shi Sikotlan, inda aikinsa shi ne lura da masana'antun giyar wiski don gwamnati ta karɓi harajinta. Aiki ne da ba zan so wa ɗana ba, amma ya ba shi abu biyu: sanin duwatsu da kogunan ƙasar kamar tafin hannunsa, da abota da wani abokin aikinsa, Neil Gunn, wanda shi ma ya zama babban marubuci. A can kuma ya auri Caroline Begg, 'yar garin Dufftown, a 1908.

A 1922, da kudancin Ailan ya sami mulkin kansa, Walsh ya nemi a mai da shi aiki ƙarƙashin sabuwar gwamnati, ya koma Dablin. Ƙasar tana cikin yaƙin basasa, don haka ya bar iyalinsa a Sikotlan har 1923. A cikin watannin nan na kaɗaici ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko, The Key Above the Door, wato mabuɗin da ke saman ƙofa, wanda kamfanin Chambers ya buga a 1926, yana da shekara 47. J. M. Barrie, mawallafin Peter Pan, ya aiko masa da wasiƙar yabo ba tare da an roƙe shi ba, littafin kuma ya yi kasuwa ƙwarai.

To, ga abin lura. Mutum ya dawo ƙasar haihuwarsa bayan shekara ashirin, amma da ya ɗauki alƙalami, Sikotlan ya rubuta. Mu 'yan Sabo mun san wannan ciwo. Tun 1916 aka kafa unguwarmu, fataucin goro da shanu suka raya ta. Kakana ya shekara arba'in a cikinta yana ba mu labarin ƙauyensu na ƙasar Kano kamar wata aljanna, furarsu ta fi ta kowa, mutanensu ba sa ƙarya. Da tsufa ya kama shi ya koma, ko wata uku bai yi ba ya fara aiko da saƙo a kawo masa labarin Sabo.

A 1933 Walsh ya ajiye aikin gwamnati ya koma rubutu gadan-gadan. A watan Fabrairu na shekarar mujallar Saturday Evening Post ta Amurka ta buga gajeren labarinsa The Quiet Man, mutum mai shiru-shiru. Shekarar ce kuwa aka yi gasar da ta haifar mana da Ruwan Bagaja da Jiki Magayi, kuma a Jiki Magayi ma kuɗi ne suka shiga tsakanin Abubakar da Zainab. Tauraron Walsh, Shawn Kelvin, mutum ne marar girman jiki, ya yi shekaru yana aikin ƙarfe a Pittsburgh, ya dawo Kerry ya sayi 'yar gona, ba ya neman komai sai zaman lafiya. Ya auri Ellen, ƙanwar wani ƙaton manomi mai cin zali, wanda ya yi alkawarin dukiyar aurenta ya hana. Mijin bai damu da kuɗin ba. Matar ce ta damu, don ta ga an raina ta an raina mijinta. A ƙarshe ya je gaban jama'a ranar sussuka ya karɓi kuɗin, ya jefa su cikin wutar injin sussukar, sannan ya lallasa surukin. A 1935 Walsh ya sake fasalin labarin cikin Green Rushes, ya sauya wa tauraron suna zuwa Paddy Bawn Enright, ya haɗa shi da wasu labarai na zamanin yaƙin neman 'yanci.

Daga nan sai John Ford ya shigo. An haife shi a jihar Maine ta Amurka a 1894, iyayensa 'yan Ailan ne da suka yi hijira, wato irin mu ne da aka haifa a zango. A 1936 ya kama labarin da kafin alƙalami na dala 10 kacal, daga baya aka ƙara wa Walsh kuɗi. Manyan kamfanoni suka ƙi fim ɗin, suna ganin ba zai kawo riba ba, har sai da kamfanin Republic ya yarda bisa sharaɗin a fara yi masa fim ɗin kaboyi, wato Rio Grande na 1950. An ɗauki The Quiet Man a ƙauyen Cong na gundumar Mayo a 1951, ya fito a 1952, da John Wayne da Maureen O'Hara, ya kuma ciyo wa Ford lambar Oscar ta huɗu a matsayin darakta.

Na kalli fim ɗin bayan na karanta labarin, kuma a ganina ba abu ɗaya ba ne. Ford ya mai da ƙaramin mutum ƙato. Ya ƙirƙiro masa dalilin ƙin faɗa, cewa ya taɓa kashe wani a filin dambe. Ya zuba koren ciyayi da waƙe-waƙe da mashaya masu ban dariya, har ƙasar da talauci ya kori 'ya'yanta ta koma kamar ƙauyen kakana a bakin kakana. Akwai kuma wurin da ban iya haɗiyewa ba, inda mijin ya finciko matar daga jirgin ƙasa, ya ja ta a ƙasa ta cikin gonaki, gari na biye da su ana shewa, har wata mata ta miƙo masa sanda. An shirya shi don a yi dariya. Ni dai ban yi ba.

Amma gaskiya ɗaya Ford ya riƙe, ya ma faɗaɗa ta. Amaryarsa, Mary Kate, tana neman kuɗinta da kuma kayan da ta gada daga mahaifiyarta, ta ce ba ta zama matar aure ba sai suna cikin ɗakinta. Wannan dukiya ba sadaki ba ce, domin daga gidan amarya take fitowa, ta fi kusa da kayan ɗaki da gara a wurinmu. Na kalli fim ɗin karo na biyu tare da gwaggona, wadda ba ta jin Turanci, ina fassara mata. Ni ina ganin taurin kai ne kawai irin na taurarin soyayya. Ita kuwa nan take ta goyi bayan amaryar, ta ce macen da aka kai ɗaki ba kayanta baƙuwa ce a gidan, kowa zai iya yi mata gori. Da aka zo ƙona kuɗin ne muka raba hanya, ta ce wannan almubazzaranci ne na waɗanda ba su san yunwa ba. Ban gaya mata labarin 1845 ba.

Walsh ya ci gaba da rubutu, ya shugabanci reshen ƙungiyar marubuta ta PEN na Ailan. Caroline ta rasu a 1941. An mai da wani littafinsa, Trouble in the Glen, fim a 1954, da Orson Welles a ciki, amma bai kama ƙafar na Ford ba. Ya rasu ranar 18 ga Fabrairu, 1964, a Blackrock kusa da Dablin, shugaban ƙasa Éamon de Valera ya halarci jana'izarsa. Gidan tarihin marubutan Kerry da ke Listowel ya sa shi cikin marubuta biyar da yake tunawa da su. A Cong kuwa, inda masu yawon buɗe ido ke zuwa neman ƙauyen fim ɗin, an kafa mutum-mutumi a 2013, na John Wayne ɗauke da Maureen O'Hara.