John Boyd Dunlop (1840-1921): Likitan Dabbobin da ya Hura wa Taya Iska

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ta Kafancan a ƙarshen watan Disamba, lokacin da 'yan asalin Kudancin Kaduna ke dawowa gida daga Abuja da Legas domin Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro, ya san irin motocin alfarmar da ake shigowa da su. Ya kuma san cewa masu faci kan samu kasuwa a wannan lokaci, domin wasu daga cikin motocin nan tayoyinsu sirara ne, waɗanda aka yi don gudu a kan shimfiɗaɗɗen titi, rami ɗaya a hanyar Kaciya zuwa Zonkwa ya isa ya fasa tayar ya lanƙwasa wilin. Gardamar da akan yi a gindin bishiyar mai faci, wato shin tayar jin daɗi ta fi ko tayar gudu, tsohuwa ce ƙwarai. Tare da tayar kanta aka haife ta, a gidan wani likitan dabbobi wanda muke karanta sunansa a jikin taya ba tare da mun san mutum ne ba. Tarihinsa ne wannan ɗan rubutu zai bibiya.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi John Boyd Dunlop ranar 5 ga Fabrairu, 1840, a ƙauyen Dreghorn da ke ƙasar Sikotland. Iyayensa manoma ne, saboda haka cikin dawaki da shanu ya buɗe ido. Ya yi karatun likitancin dabbobi a birnin Edinbara, ya kammala tun yana matashi, ya yi aiki a ƙasarsu na wasu shekaru. A 1867 ya ƙaura zuwa Ayalan, ya fara zama a garin Downpatrick, daga baya ya koma birnin Balfas inda ya buɗe asibitin dabbobi. A wancan zamani doki shi ne mota, shi ne kuma tirela, don haka likitan dawaki ba ƙaramin mutum ba ne. Kafin tsakiyar shekarun 1880 asibitinsa ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar. Ya yi aure a 1871, Allah ya ba shi 'ya'ya biyu, mace da namiji.

Yadda aka yi ya ƙirƙiro tayar

Kafin zamaninsa akwai roba, akwai kuma taya. Wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya riga ya gano yadda ake dafa roba da farar wuta ta yi ƙarfi, ta daina narkewa da zafi ko sandarewa da sanyi, har ya samu takardar mallakar wannan fasaha a 1844. Sai dai tayoyin kekuna na lokacin dunƙulalliyar roba ce, babu iska a ciki. Titunan Balfas kuwa da duwatsu aka daɓe su. Mai keke kan sauka jikinsa na tsami kamar wanda aka yi wa duka.

Ɗan Dunlop, yaro mai kimanin shekara goma, yana da keke mai ƙafa uku, kuma wannan jijjiga tana damunsa. A ƙarshen 1887 uban ya samu faifan katako mai faɗin kusan mita ɗaya, ya yanki shimfiɗar roba ya manne ta ta zama tub, ya hura mata iska da famfon ƙwallon ƙafa, ya lulluɓe ta da ƙyalle mai ƙarfi, ya kafe ƙyallen a jikin faifan da ƙusoshi. Sai ya fita farfajiyar asibitinsa ya gara wannan faifai, ya kuma gara ƙafar keken yaron mai dunƙulalliyar roba. Ƙafar keken ta yi ɗan tafiya ta faɗi. Faifan mai iska kuwa ya ratsa farfajiyar har ya bugi ƙofa ya dawo da baya.

A nan ne abin sha'awar yake. Mutumin nan laushi ya je nema, sai ya tarar da sauri a ciki. Dalilin kuwa mai sauƙi ne. Idan dunƙulalliyar taya ta ci karo da tsakuwa, dole keken da mahayinsa gaba ɗaya su ɗaga sama su haye ta, kuma kowace ɗagawa ƙarfi take ci. Taya mai iska kuwa lotsawa take yi ta haɗiye tsakuwar, keken ya wuce bai ɗaga ba. Saboda haka abin da ya hana jiki tsami shi ne ya hana ƙarfi zubewa a banza. A watan Fabrairun 1888 yaron ya gwada sababbin tayoyin a kan kekensa, a watan Disamba na shekarar kuma aka ba uban takardar mallakar fasahar.

Gudu ne ya sayar da ita

Da farko dariya aka riƙa yi wa tayar saboda kaurinta. Babu wanda ya damu da batun jin daɗi, domin 'yan keken lokacin suna ganin jure wa jijjiga wani ɓangare ne na jarumta. Abin da ya juya ra'ayin jama'a ya faru ne ranar 18 ga Mayu, 1889, a wasannin Kwalejin Queen's ta Balfas. Wani ɗan tsere mai suna Willie Hume, kyaftin ɗin wata ƙungiyar 'yan keke ta birnin, ya shiga fili da tayoyin Dunlop ana yi masa ba'a, ya lashe dukkan tsere huɗun da ya shiga. Cikin waɗanda ya kayar akwai 'ya'yan wani ɗan kasuwar Dabilin, Harvey du Cros, wanda shi ne shugaban ƙungiyar 'yan keke ta Ayalan. Du Cros bai tsaya jin haushi ba. Ya nemi likitan, kuma kafin shekarar ta ƙare sun kafa kamfani a Dabilin.

Ba a daɗe ba murna ta koma ciki. A 1890 aka sanar da Dunlop cewa takardar mallakarsa ba ta da inganci, domin wani ɗan ƙasarsu, Robert William Thomson, ya riga shi yin rajistar taya mai iska tun 1845, don kekunan doki. Thomson ya zo da wuri ne kawai: a lokacinsa roba na da tsada, babu keke irin na yanzu, babu mota, sai aka manta da shi. Dunlop bai san da aikinsa ba. Amma shari'a ba ruwanta da rashin sani, kuma daga ranar kowa na iya yin taya mai iska ba tare da ya biya shi ko anini ba.

Abin da ya ceci kamfanin shi ne wayon du Cros. Tayar Dunlop ta farko manne take da wili, idan ta yi faci sai an sha wahala kafin a ɓare ta. Sai kamfanin ya sayi fasahar Charles Welch, wanda ya sa waya a bakin taya yadda za a iya cire ta a mayar, da kuma bawul ɗin Charles Woods. Wannan bawul mai 'yar siririyar roba a ciki, wanda duk yaron da ya taɓa hura wa tsohon keken Rale iska ya san shi, har yau da sunan Dunlop ake kiransa a ƙasashe da yawa, alhali ba shi ya yi shi ba. Duniya ke nan: an ƙwace masa abin da ya ƙirƙira, an ba shi sunan abin da bai ƙirƙira ba.

Ficewarsa daga kamfanin

Dunlop ya bar aikin dabbobi ya koma Dabilin da zama a farkon shekarun 1890, amma zamansa da du Cros bai yi daɗi ba. Shi mutum ne mai natsuwa da taka-tsantsan, mai dogon farin gemu, wanda ya fi son ɗakin gwaji da hayaniyar kasuwar hannun jari. Du Cros kuwa ɗan kasuwa ne mai gaggawa. A 1895 Dunlop ya ajiye muƙaminsa, ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1896, aka sayar da kamfanin ga wani attajiri, Terah Hooley, a kan fam miliyan 3, shi kuma ya sake sayar da shi ga jama'a a kan fam miliyan 5. Wanda sunansa ke jikin hajar bai samu wani abin kirki daga cikin wannan dukiya ba. Wasu marubuta kan nuna shi a matsayin wanda aka zalunta. A ganina wannan ya yi yawa, domin bai mutu a talauce ba kamar Goodyear, wanda ya rasu a 1860 da bashi a wuyansa. Da ƙafarsa ya fita, ya zuba kuɗinsa a wani babban kantin tufafi a Dabilin, ya ci gaba da rayuwarsa cikin rufin asiri.

A shekarar da ya fita ne kuma tayar ta hau mota. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, André da Édouard Michelin, suka sa tayoyi masu iska a motar da suka shiga tseren Faris zuwa Bordeaux da ita a 1895. Ba su ci tseren ba, tayoyin sun yi ta fashewa a hanya, amma sun nuna abin zai yiwu. Kamfanin Dunlop ya fara yin tayoyin mota a 1900.

Akwai wani ɓangare na wannan tarihi da bai kamata ɗalibi ɗan Afirka ya tsallake ba. Buƙatar roba da kekuna da motoci suka haifar ta faɗo ne a kan dazuzzukanmu. A Kwango, wadda Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe a matsayin gonarsa daga 1885 zuwa 1908, an ɗora wa ƙauyuka harajin roba, aka riƙa kashe mutane da yanke hannuwa idan ba su cika mudu ba. Ba Dunlop ya aiki kowa ba, amma laushin da ɗansa ya ji a titin Balfas, wasu ne suka biya kuɗinsa da jininsu.

Gadon da ya bari a kan hanyoyinmu

Abubuwa biyun da Dunlop ya samu a tare, wato laushi da sauri, daga baya sun rabu da juna yayin da motoci suka ƙara ƙarfi. A yau mai babbar mota zaɓi yake yi. Tayar doguwar tafiya gefenta na da tsawo, iskar cikinta na da yawa, robarta na da ɗan tauri; ba ta da ƙara, tana shanye gargada, tana kuma daɗewa. Tayar gudu kuwa faffaɗa ce, gefenta gajere, robarta mai laushi. Tana kama kwalta a kwana da lokacin taka birki, amma tana saurin suɗewa, ga tsada, kuma ba ta da isasshen gefen da zai kare wili daga rami. Harafin da ke jikin taya yana nuna iyakar gudun da za ta iya ɗauka: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240, W 270, Y kuma 300. Tambayar da ya kamata mai mota ya yi wa kansa ita ce, a ina ne tsakanin Kwoi da Kafancan zai yi gudun kilomita 270, a hanyar da yake rabawa da akori-kurar citta da babura da awaki, a yankin da ruwan damina ke cin gefen kwalta kowace shekara? Ni dai a nawa ra'ayin, a ƙasarmu dalilin da ya sa likitan ya yi tayar ya fi dalilin da ya sa Hume ya saye ta amfani. Ya fi kyau ma mutum ya duba lambobi huɗun nan da ke nuna mako da shekarar da aka yi tayar, musamman idan ta gwanjo ce, domin roba na tsufa ko da ba a taka ta ba.

Kafancan dai jirgin ƙasa ne ya raya ta, tun da layin da ya taso daga Fatakwal ya iso ya mayar da ita mahaɗa a shekarun 1920. Da harkar jirgin ta ja baya, sai nauyin garin da na cittar Jaba da Kaciya ya koma kan taya. A wani lokaci a gida ake yin tayoyin: kamfanin Dunlop ya fara aiki a masana'antarsa ta Ikeja a 1963, Michelin kuma yana da tasa a Fatakwal. Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya daina yin taya a Nijeriya a 2008, kuma matsalar wutar lantarki da shigowar tayoyin waje masu araha na cikin manyan dalilan.

Rasuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa Dunlop ya sake karo da kamfanin da ke ɗauke da sunansa. Tun farko ya ba su izinin amfani da hotonsa, sai masu talla suka ɗauki fuskarsa da gemunsa suka ɗora a jikin wani tsoho ɗan gaye, mai doguwar hula da sanda da tabarau na ido ɗaya, suka baza a jaridu. Dattijon ya ga an mayar da shi abin dariya, a 1920 ya kai su kotu yana neman a hana su. Yana da shekara 80 a lokacin.

Ya rasu ranar 23 ga Oktoba, 1921, a gidansa da ke unguwar Ballsbridge a Dabilin, yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Deans Grange. Shekaru da dama bayan haka wani banki a Ayalan ta Arewa ya sa hotonsa a kan takardar fam goma.