Muhammadu Kanta: Ɗan Damben da Ya Gagari Askiya

 A wannan makon mun kawo muku tarihin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi shekara ɗari biyar da suka wuce.

Magabata sun ce asalin mahaifinsa daga ƙasar Katsina yake. Da mahaifin ya rasu ba a ba Kanta sarautar gidansu ba, sai ya yi fushi ya shiga daji yana kiwo tare da Fulani. A can ya yi suna a dambe da kokawa. Ana ba da labarin ranar da ya fito fage shi kaɗai, ya kara da wani gwarzon da ya gagari kowa, ya kashe shi a dambe, wato ya kai shi ƙasa. Daga nan samari suka riƙa binsa har suka zama runduna. Wannan karawa a bakin tsofaffi da makaɗa take, shi ya sa kowa da yadda yake faɗinta.

Abin da ya biyo baya kuwa a rubuce yake. Littafin Tarikh al-Sudan na malaman Tambutu ya nuna cewa Kanta ya bi Askiya Muhammadu, sarkin Songhai, zuwa yaƙin Agadas. Da suka dawo, rigima ta tashi a kan rabon ganima. Wajen shekarar 1516 Kanta ya yi tawaye, Askiya ya turo mayaƙa, Kabawa suka kore su. Wani Askiyan da ya zo daga baya ya sake gwadawa, shi ma ya sha kashi.

Kanta ya gina babban birninsa a Surame, ya kewaye shi da ganuwar dutse. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta a cikin Infaƙul Maisuri cewa Sarkin Barno ya kawo wa Surame yaƙi amma bai ci ta ba. Kanta ya bi sawun Barebari har wajen Nguru ya fatattake su. A hanyar komawa gida aka harbe shi da kibiya a ƙasar Katsina, raunin ya zama ajalinsa. 

Damben ne ya fi daɗin ji, amma mu a ganinmu ba shi ya sa ake tuna Kanta ba. 'Yan dambe nawa aka yi a Tambuwal da Kebbe da ba wanda ya san sunansu yau? Shi ya tara mutane, ya ƙi yarda a danne musu haƙƙi, ya kuma bar gini.

Kufan Surame yana nan a jiharmu ta Sakkwato, kuma tun 1964 gwamnati ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. A Argungu akwai gidan tarihi mai sunan Kanta. Yawancinmu ba mu taɓa ganin ko ɗaya ba. Muna roƙon shugaban makaranta da malamin tarihi su shirya mana ziyara kafin damina. Mai son zuwa ya ba shugaban kulob sunansa.