Abdu Mumuni, ɗan Tasawa mai aiki da rana

An haifi Abdu Mumuni Joffo a garin Tasawa ran 26 ga watan Yuni na shekarar 1929. A lokacin nan Nasara ke mulkin ƙasarmu. Lakwal ba ta da yawa, kuma ba a koyarwa cikinta sai da Faransanci.

Abdu ya yi ƙaramar lakwal a Damagaram da Yamai. Da aka ga kansa yana ja, sai aka tura shi ƙasar Sanagal, lakwal ɗin William Ponty, inda ake horar da malamai da ma'aikata. Daga baya ya wuce birnin Pari na ƙasar Faransa. Fannin da ya zaɓa shi ne fizik, wato sanin yadda zafi da haske da wutar lantarki suke aiki. A 1956 ya ci wata jarrabawa mai wuyar gaske ta manyan malamai. Cikin ƙasashen baƙar fata da ke hannun Faransa, shi ne na farko da ya ci ta a wannan fanni.

Ya fara koyarwa a Dakar. A 1958 mutanen Gine suka ƙi zama ƙarƙashin Faransa. Faransawa suka yi fushi, suka kwashe malamansu da likitocinsu da masu kula da injuna. Ƙasa ta wayi gari ga kayan aiki, amma masu sanin kansu sun tafi. Abdu ya bar aikinsa na Dakar, ya tafi Konakiri yana koyarwa. Bayan haka ya dawo Yamai na ɗan lokaci, sannan ya tafi Tarayyar Sobiyet, inda ya yi nazarin ƙarfin rana.

A 1964 ya fitar da littafi da Faransanci a kan ilimi a Afirka. Cikinsa ya nuna cewa lakwal ɗin Nasara ta fi damuwa da samar da akawu da tafinta masu taimakon mulki. Ya tuna wa mutane cewa tun kafin Nasara akwai koyarwa a ƙasashenmu, kuma tare take tafiya da aiki. Ku dubi maƙeri da ɗansa. Uban yana nuna ƙarfe cikin wuta, yana faɗin irin jan da zai yi kafin a buge shi. Ɗan yana ji, yana gani, yana gwadawa, duk cikin harshen da ya tashi da shi. Abdu ya nemi a koyar da yara da harsunan ƙasa, har lissafi da kimiyya, a kuma koya wa manya karatu da rubutu.

A wannan shekara ya sauka Bamako, ya kafa ɗakin binciken ƙarfin rana na ƙasar Mali. A 1969 ya dawo gida, aka ba shi shugabancin ONERSOL, ma'aikatar ƙarfin rana ta Nijar. Ya riƙe ta har 1985. A can aka ƙera abin ɗuma ruwa, da murhun rana, da abin busar da kayan abinci, da abin tace ruwa.

Yara, bari mu gwada abin da ya nema, mu bayyana biyu daga cikinsu da Hausa.

Abin ɗuma ruwa akwati ne mai faɗi, an rufe samansa da gilashi. Cikinsa akwai farantin ƙarfe da aka shafa wa baƙin fenti, da bututu manne a jikinsa. Baƙin abu yana shan zafin rana fiye da fari. Wanda ya taɓa sa baƙar riga da bazara ya san haka. Gilashi yana barin haske ya shiga, amma yana tare zafi kada ya tsere. Ruwan cikin bututu ya yi zafi. To, ruwan zafi bai kai ruwan sanyi nauyi ba, saboda haka sai ya hau sama da kansa, mai sanyi ya gangaro ya maye gurbinsa. Shi ya sa ake ɗora tanki bisa akwatin. Wanda ba a gaya wa wannan dalili ba, yana iya ajiye tankin a ƙasa, sannan ya ce abin bai da kirki.

Murhun rana kuwa kamar ƙatuwar ƙwarya yake, cikinsa na ƙyalli kamar madubi. Yana tattara haske wuri guda, a nan ake ɗora tukunya. Amma rana tafiya take, dole a riƙa juya murhun yana bin ta. Ba a kallon wurin da hasken ya taru, don yana ɓata ido. Ba ya aiki da dare, kuma ranar da hazo ya rufe sama ƙarfinsa raguwa yake. Mata na Mayahi da ƙauyukan Gulbin Kaba sun san wahalar neman itace, murhu irin wannan zai iya rage musu ita. Sai dai uwar gida da ke tuƙa tuwo bayan faɗuwar rana tana da tambaya, kuma tambayarta daidai ce. A ganina, mai ƙira ya kamata ya saurare ta kafin ya fara yi mata bayani.

Wannan magana ba ta tsaya ga kayan rana ba. Manomi ya sayo maganin ƙwari a kasuwar Tasawa, bayanin awo yana jikin kwalba da Faransanci ko Ingilishi. In ya zuba kaɗan, ƙwari su cinye wake. In ya zuba da yawa, ya cuci kansa da iyalinsa. Haka takardar maganin likita take, haka famfon gari in ya lalace. Sau da yawa ku ƴan lakwal ake kira ku karanta. Karantawa kawai ba ta isa, sai kun mayar da maganar cikin Hausa mai sauƙi: cokali nawa, cikin ruwa lita nawa, sau nawa a yini. Abin da ba ku gane ba, ku tambayi mushe ko malamin gona, kada ku cika da ka.

Shekara tara bayan fitowar littafinsa, a 1973, aka buɗe lakwal ɗin gwaji ta farko a Damagaram, inda yara suka fara karatu da Hausa kafin Faransanci. Ajinku daga can ya samo asali.

A 1979 aka naɗa Abdu shugaban jami'ar Yamai. Bayan ya sauka ya ci gaba da koyar da fizik a cikinta. Ya rasu a Yamai ran 7 ga watan Afrilu na 1991, yana da shekara 61. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa. A takardun gwamnati za ku ga an rubuta shi da rubutun Faransanci, Abdou Moumouni.