John Denver: mawaƙin da makunnin mai ya yi ajalinsa

Ranar 12 ga watan Oktoba na shekarar 1997, wani ƙaramin jirgin sama ya faɗa cikin teku a gaɓar Monterey, jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka. Mutum ɗaya ne a cikinsa, wato mawaƙi John Denver, mai shekara 53. Binciken da ya biyo baya ya zama darasi ga duk mai sauya wa inji fasali.

An haife shi ranar 31 ga Disamba 1943 a garin Roswell, jihar New Mexico. Sunansa na yanka Henry John Deutschendorf. Mahaifinsa matuƙin jirgin sojan sama ne, don haka iyalin suka yi ta ƙaura daga wannan bariki zuwa wancan. Kakarsa ce ta ba shi jitarsa ta farko. Da ya shiga waƙa sai ya ɗauki sunan Denver, babban birnin jihar Colorado, jihar da ya daɗe yana zaune a cikinta.

Tauraronsa ya haska a 1971 da waƙar Take Me Home, Country Roads, kuma a shekarun 1970 yana cikin mawaƙan da faifansu ya fi kasuwa a Amurka. A 1977 ya shiga sahun waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da yunwa ta The Hunger Project, shugaba Jimmy Carter kuma ya saka shi a kwamitin yaƙi da yunwa a duniya.

Tuƙin jirgi gado ya yi. Ya shafe fiye da awa 2,700 a sama kafin rasuwarsa. Jirgin da ya saya a ƙarshe samfurin Long-EZ ne, wanda injiniya Burt Rutan ya zana, mutane kuma ke haɗawa da hannunsu a gida. Tankin mai biyu gare shi, ɗaya a kowane fiffike, da makunnin da ke sauya mai daga wannan tanki zuwa wancan. A zanen asali makunnin yana tsakanin ƙafafun matuƙi. Wanda ya haɗa wannan jirgi ya mayar da shi bayan kafaɗar hagu, domin kada bututun mai ya bi ta inda matuƙi yake zaune. Niyyarsa kariya ce, amma makunnin ya koma inda hannu ba ya kaiwa sai an juya jiki, ga tauri, ga shi babu rubutun da ke nuna tankin da aka buɗe. Ma'aunin man ma yana bayan kujera, sai da madubi ake hango shi.

Kwana ɗaya kacal da fara tuƙa jirgin, Denver ya tashi daga filin Monterey. An yi masa tayin ƙara mai, ya ƙi, don yana ganin shawagin ba zai wuce awa guda ba. Ba a jima ba mutanen da ke bakin teku suka ji injin yana shaƙewa. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta bayyana a 1999 cewa da ya juya don murɗa makunnin, ƙafarsa ta dama ta danne fedar da ke karkata jirgi, ya kuɓuce masa yana kusa da ruwa. Hukumar ta ɗora laifi a kan rashin shan mai kafin tashi, da wurin da aka sa makunnin, da ƙarancin horo a kan irin wannan jirgi. Gwajin gawarsa ya nuna babu barasa ko ƙwaya a jininsa.

Wannan darasi ya shafi Damargu kai tsaye. Direbobin da ke bin hanyar Tanut zuwa Agadas sun san motocin da ake ƙara wa tanki saboda nisan gidajen mai. Duk makanikin da ya yi irin wannan aiki, ya kamata ya sa makunni inda hannun direba zai kai yana kallon hanya, ya rubuta alama a kansa, sannan ya nuna wa wanda zai karɓi motar yadda ake sauya tanki kafin ya kama hanya.