Alhaji Nasiruddin Dine, Bafaranshen da ya je zane a hamada aka binne shi a Bu Sa'ada

Jama'a masu karatu, musamman ƴan kasuwarmu maza da mata, tarihin da muka ɗauko muku yau na wani Bature ne wanda bai taɓa fatauci ba, amma ya sha irin wahalar da kowane falke ya sani: mutum ya sauka garin da ba ya jin harshensu, ba shi da mai masauki, ya baje kayan sana'arsa a fili kowa na kallonsa. Sunan da iyayensa suka raɗa masa Étienne Dinet, ana faɗinsa Etiyen Dine. Sana'arsa zanen hoto da fenti. Ya bar duniya mutane na kiransa Alhaji Nasiruddin.

An haife shi a birnin Paris ran 28 ga Maris 1861, a gidan masu hali, mahaifinsa babban ma'aikacin shari'a ne. Ya yi lakwal a Paris, a 1881 ya shiga babbar makarantar koyon zane ta ƙasar Faransa, daga nan ya koma wata makarantar mai suna Julian, inda ya yi karatu hannun William Bouguereau, wanda a lokacin yana cikin manyan masu zane na ƙasar. Irin zanen da ake koyarwa a can na cikin ɗaki ne. Haske na shigowa ta taga guda, bai cika sauyawa ba, wanda ake zanawa ya zauna shiru, mai zane ya yi ta aikinsa har makonni. Akwai ma masu zana Larabawa da raƙuma da kasuwannin gabas alhali suna zaune cikin Paris, sun sayo rawani da takobi da darduma sun ɗaura wa wani ɗan gari. Masu saye kuwa ba su damu ba, tunda su ma ba su taɓa zuwa ba.

Abin da ya fitar da Dine daga wannan ɗakin abin dariya ne. A 1884 wani ayari na masu binciken ƙwari ya shirya tafiya kudancin Aljeriya, aka ce masa ya zo a je. Ya bi su don buɗe ido, yana ɗan shekara 23. Su suna tonon ƙwari ƙarƙashin duwatsu, shi yana kallon rana da duwatsu da itatuwan dabino na yankin Bu Sa'ada, garin da ke wajen kilomita 250 kudu da birnin Alje. A wannan shekarar ce kuma wani zanensa ya ci lambar yabo a babban baje kolin zane na Paris, aka haɗa masa da kuɗin tafiya. Masu cin irin wannan kuɗin da dama Italiya suke nufa, su je su kwaikwayi aikin magabata. Shi sai ya koma Aljeriya a 1885, ya gangara har Lagwat, wajen kilomita 400 daga Alje.

Direbobinmu da ƴan kasuwar da ke bin hanyar arewa sun san sunan. Babbar hanyar da ta taso daga Alje ta Lagwat take bi, ta faɗa Gardaya, In Salah, Tamanrasat, har In Gezzam, ta shigo mana ta Asamaka, Arlit da Agadas. Ke nan rana da iskar da Dine ya tarar a can ƴan uwan waɗanda muka sani ne, sai dai shi bai taɓa ganin irinsu ba.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya mu dubi aikin kansa, don mai gani daga nesa zai ce wasa ne. Mai zane a waje yana ɗauke da akwatin fenti, da buroshi iri-iri, da yadi mai kauri da aka ɗaure jikin katako, da wasu sanduna uku da ake jingina shi, da laima. Fita da fenti ma ba ta daɗe da yin sauƙi ba, don sai a 1841 wani Ba'amurke mai suna John Rand ya ƙirƙiro ɗan bututun ƙarfe mai laushi da ake matso fenti daga ciki. Kafin nan a mafitsarar dabba ake ɗaure shi, in an huda sai a yi maza a yi amfani da shi. To ko da bututun, fentin mai ba ya bushewa da wuri. Iska ta taso, rairayi ya manne a jikin zanen, aikin yini ya lalace. Iskar ta ƙara ƙarfi, ta kifar da yadin gaba ɗaya. Ƙuda su sauka. Inuwar da mutum ya fara zanawa da hantsi ta gudu ta bar shi kafin ya gama haɗa launi, kamar yadda mai tallar da ta zauna gindin bango takan yi ta jan farantinta tana bin inuwa. Da rana tsaka kuwa haske kan wanke launin komai, katangar ƙasa ta koma fara fat, ido ya yi ta ruwa.

Babban abin da ya fi ba shi aiki shi ne abin da aka koya masa a makaranta bai yi daidai da abin da idonsa ke gani ba. A Paris inuwa baƙa-baƙa ce ko ƙasa-ƙasa. A hamada sai ya ga inuwar katanga da ta farar riga tana ɗauke da shuɗi da algashi da launin makuba, ƙasa kuma tana maido da haske kan fuskar mutum daga ƙasa. Wanda ya taɓa lura da farin rawani bayan la'asar ya san abin da muke nufi. Zanen da ya yi na sorayen Lagwat a wannan tafiyar, rana ta faɗa musu ba sassauci, yana cikin na farko da suka sa aka san shi, kuma wannan launin bai rabu da aikinsa ba har ya mutu. Yadda fenti ke dushewa da tsagewa ya dame shi ƙwarai, har a farkon shekarun 1900 ya rubuta ɗan littafi a kan abubuwan da ke lalata zane.

Amma rana da rairayi masu sauƙi ne in aka gwada su da mutane. Faransa ta shiga Aljeriya da yaƙi tun 1830. Lagwat ɗin nan da Dine ya kafa sandunansa a cikinta, a 1852 sojojin Faransa suka ci ta da kisa mai muni, wato shekara 33 kacal kafin zuwansa, waɗanda suka ga abin da idonsu suna nan da rai. A 1881 aka kafa wa ƴan ƙasa dokar nan ta andijena, wadda kakanninmu ma suka ɗanɗana daga baya. To Bafaranshe ya zo ya tsaya yana ƙare wa mutum kallo yana shafa wani abu a yadi, wa zai saki jiki da shi? Iyayenmu mata na kasuwa sun san yadda rai ke ɓaci in baƙo ya ɗaga na'urar hoto ya ɗauke su ba sallama ba tambaya. Zane ya fi wannan nauyi, don sai an zauna wa mai yinsa sa'o'i.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. A ƙarshen shekarun 1880 Dine ya haɗu da wani saurayi, Sulaiman ɗan Ibrahim, mutumin Mzab, wato yankin Gardaya, jama'ar da duk Aljeriya ta san su da kanti da ciniki. Da farko ɗan rakiya ne, irin mai masaukin da ke shige wa falke gaba a kasuwar da bai sani ba. Shi ya buɗe masa ƙofofin gidaje, ya koya masa inda ake cire takalmi da inda ake kawar da ido, ya ba shi tatsuniyoyi da labaran mutanen hamada. Dine kuma ya dage da koyon Larabci har ya iya. Zumuncin nan ya kai shekara arba'in, littattafan da suka yi tare suna ɗauke da sunayensu su biyu, abin da ba a saba gani ba a zamanin da Bature kan kwashe ilimin ɗan ƙasa ya buga da sunansa shi kaɗai.

Daga nan zanensa ya sauya. Duwatsu da soraye suka ja baya, fuskoki suka matso gaba: yara na kokawa da dariya, ƴan mata na wasa, makaho da ɗan jagoransa, tsofaffi na hira, masu duban jinjirin wata, sahun masallata a fili. A ganinmu nan ne ƙarfinsa yake. Sauran Turawa sukan zana Balarabe kamar kayan ado, fuska a murtuke, ba a san abin da ke ransa ba. Mutanen Dine suna dariya har haƙora waje, suna fushi, suna jin kunya, kamar maƙwabtan da aka sani.

Kasuwa ta karɓe shi. Ya ci lambar azurfa a babban baje kolin duniya na Paris a 1889, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zanen ƙasashen gabas a 1893, gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma a 1896. Ya zuwa 1905 ya mallaki gida a Bu Sa'ada, yana yin kashi uku cikin huɗu na shekara a can, ya kuma yi wurin aiki a bakin rafin garin cikin gonakin dabino. Paris ta koma wurin kai kaya a sayar a dawo.

Ba za mu ɓoye muku ɗaya gefen ba. A wancan zamani Bu Sa'ada gari ne na barikin soja da ƴan yawon buɗe ido, an kuma san shi da ƴan rawa na ƙabilar Aulad Nayil masu ado da sarƙoƙin kuɗin zinariya. Dine ya yi zane da yawa na ƴan mata ƙanana suna wanka a rafi ba sutura, kuma irin waɗannan ne masu kuɗin Paris suka fi rububi. Ƴaƴan talakawa ne na ƙasar da aka ci da yaƙi, hotonsu ya tafi ya rataya a ɗakunan waɗanda suka ci su. Masu sukarsa a yau, ciki har da ƴan Aljeriya, suna cewa duk ƙaunar da ya nuna, ya sayar wa Turawa irin hamadar da suke mafarki ne, ba soja a ciki, ba haraji, ba yunwa. Mu ma mun ga gaskiya a wannan magana. Mai son mutane da gaske ya kamata ya tambayi kansa ko zai yarda a rataye hoton ƙanwarsa haka.

Sai dai mutumin bai tsaya inda ya fara ba. Tun 1908 ya shaida wa wani amininsa cikin wasiƙa cewa ya karɓi Musulunci, a 1913 ya bayyana a fili, ya ɗauki sunan Nasiruddin. A wancan zamani Bafaranshe mai lambar girma ya shiga addinin waɗanda ake mulka ba ƙaramin abu ba ne, kuma Turawan da ke zaune a Aljeriya da yawa ba su ji daɗi ba. Hotunan salla da addu'a suka ƙaru cikin aikinsa. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, Faransa ta kwashi Musulmi dubbai daga Afirka ta Arewa da ta Yamma ta kai su fagen fama, ya yi ta bin hukumomin soja a kan a kula da raunanansu, a kuma binne matattunsu bisa addininsu, har ya zana irin alamar da za a kafa a kaburburansu. A 1918 shi da Sulaiman suka fitar da littafin tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikin Faransanci, wani matashi ɗan Alje mai suna Muhammad Rasim ya yi masa ado, suka sadaukar da shi ga Musulmin da suka mutu a yaƙin. Ya kuma sa hannu a ƙoƙarin gina babban masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926. Bai taɓa neman Faransa ta fita daga Aljeriya ba. Abin da ya nema shi ne ta yi adalci, ita kuwa ba ta yi ba.

A 1929, yana da shekara 68, ya tafi aikin hajji tare da Sulaiman, a zamanin da tafiyar ke nufin jirgin ruwa da zafin Hijaz ba sanyaya ɗaki. Ya dawo ya zauna rubuta labarin tafiyar, amma bai ga fitowar littafin ba. Ya rasu a Paris ran 24 ga Disamba 1929. Aka yi masa salla a masallacin Paris, sannan aka ɗauko gawar aka tsallaka teku da ita, don tun da ransa ya gina ƙubbar da yake so a sa shi a Bu Sa'ada. Ran 12 ga Janairu 1930 aka binne shi, mutane sama da 5,000 suka raka shi. Littafin hajjin ya fito a wannan shekarar. Ƙanwarsa Jeanne ta rubuta tarihinsa a 1938.

Bayan Aljeriya ta sami ƴancin kai a 1962, sunayen Faransawa da yawa an kankare su daga tituna, amma nasa ya tsira. An buga zanensa a tambur na gidan waya, kwafin hotunansa suka shiga shaguna da ɗakunan mutane. A 1993 aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Bu Sa'ada, haɗe da gidan da ya zauna. A 1995, lokacin yaƙin basasar ƙasar, ƴan bindiga suka sa masa wuta, daga baya aka gyara aka sake buɗewa. Sulaiman ɗan Ibrahim ya rayu har 1953, da ya rasu aka binne shi kusa da amininsa a ƙubbar nan ta Bu Sa'ada.