Shiko Mendes, mai tatsar roba da ya tare wa daji faɗa

Duk shekara idan muka zo darasin sarar itatuwa, nakan tambayi ƴan ajina wa ke tsaron daji. Amsarsu ba ta canzawa: ma'aikatan gandun daji, masu kaki. To, daga nan nake ɗauko musu labarin wani mutumin Barazil da bai taɓa sa kaki ba, ko bencin lakwal bai taɓa zama ba yana yaro.

Sunansa na yanka Francisco Alves Mendes Filho, amma duniya ta fi saninsa da Shiko Mendes. An haife shi ranar 15 ga Disamba 1944 kusa da garin Shapuri, a jihar Akire da ke yammacin Barazil, cikin dajin Amazon, dab da iyakar Bolibiya. Mahaifinsa mai tatsar roba ne, shi ma tun yana ɗan shekara 9 ya fara bin sa aiki. Ana fita tun da asuba, a tsaga bawon icce kaɗan da wuƙa, a rataya ɗan gwangwani, farin ruwa mai kama da madara ya riƙa ɗiga. Iccen ba ya mutuwa, gobe da jibi ma zai ba da. Abincin mai tatsa yana ga icce mai rai.

Sai dai dajin yana hannun iyayen gida. Mai tatsa ba ya sayar da robarsa sai ga uban gidansa, kuma a kantin uban gidan yake cin bashin gishiri, sukari da kananzir. Ma'auni na uban gida ne, littafin bashi ma nasa. Shi ya sa ba su yarda a buɗe makaranta ba, don wanda ya iya lissafi zai gane ana cutarsa. Shiko bai iya karatu ba sai da ya kai wajen shekara 18, lokacin da ya haɗu da Euclides Távora, wani tsohon hafsan soja da ya ɓuya cikin daji saboda siyasa. Da tsofaffin jaridu da rediyo ya koya masa. Ni malami, nan ne labarin ya fi taɓa ni.

Sojoji sun karɓi mulkin Barazil a 1964, kuma a shekarun 1970 suka buɗe Amazon ga masu manyan garkunan shanu. Attajirai daga kudu suka riƙa sayen daji, su sare, su banka wuta, su shuka ciyawa, mazauna wurin kuma a kore su. A 1975 Shiko da abokinsa Wilson Pinheiro suka shiga gaba wajen kafa sandikar ma'aikatan karkara a Brasiléia, a 1977 aka kafa ta Shapuri.

Dabarar da suka fito da ita tun 1976 ana ce mata empate, wato canjaras. Da an ji labarin za a sare wani yanki, sai maza da mata da yara su taka, wani lokaci tafiyar kwanaki, su je su tsaya tsakanin itatuwa da masu injin yanka. Ba sa ɗaukar makami. Magana suke yi da leburorin, waɗanda su ma talakawa ne aka ɗauko haya. Wani zubin a yi nasara, wani zubin ƴan sanda su zo su kwashe mutane. A 1980 aka harbe Wilson Pinheiro cikin ofishin sandika, duk da haka ba su watse ba. A farkon shekarun 1980 suka fara buɗe ƴan makarantu cikin daji, manya da yara suna koyon karatu da lissafi.

A 1985 masu tatsar roba suka yi babban taronsu na farko a Brasília, babban birnin ƙasar. Can aka fito da shawarar da ta sa sunan Shiko ya dawwama: a keɓe daji ya zama na gwamnati, kowa ba zai saya ko ya sayar ba, amma mazaunansa su ci gaba da tatsar roba da tsintar ƴaƴan itatuwa, su ne kuma masu tsaronsa. Suka haɗa kai da ƙabilun asali na dajin, waɗanda a da ba sa ga maciji da juna. A 1987 Shiko ya je Amurka, ya bayyana wa masu ba da bashin gina hanyar BR-364 irin ɓarnar da take jawowa, har aka dakatar da kuɗin na wani lokaci. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Global 500.

Yabon waje bai kare shi a gida ba. A 1988 suka hana wani mai garke, Darly Alves da Silva, sare dajin Cachoeira. Shiko ya sha faɗa wa hukuma cewa ana neman ransa, aka ba shi ƴan sanda biyu. Ranar 22 ga Disamba 1988 da yamma, mako guda bayan ya cika shekara 44, ya buɗe ƙofar baya zai je wanka, sai Darci, ɗan Darly, ya harbe shi, masu gadin suna zaune cikin gida. A 1990 kotu ta yanke wa uba da ɗa shekara 19 kowannensu.

A 1990 ɗin dai aka keɓe daji mai faɗin hekta sama da 900,000 da sunansa, a 2007 kuma aka sa wa hukumar kula da keɓaɓɓun dazukan Barazil sunansa. Amma kar mu yaudari kanmu. Da farashin roba ya faɗi, wasu daga cikin mazauna wannan dajin su ma sun koma kiwon shanu, ana kuma sara a cikinsa har yau. Wannan ma darasin Shiko ne: mutum yana tsaron abin da ke ciyar da shi, in ya daina ciyar da shi, doka kaɗai ba ta isa.

Bana da na kai ƙarshen labarin, wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaye ni ko yaran da ake zuwa da su canjaras ba sa jin tsoro. Na ce mata ina jin suna ji, amma iyayensu na tsaye kusa da su, kuma duk sun san abin da za su rasa idan suka zauna gida. Daga nan na ba su aikin gida: kowa ya ƙirgo gawon da ke gonarsu, ya tambayo wa ya hana a sare shi.