Josephine Bakhita: Baiwar Darfur da ta zama sista a Italiya

Ba a san sunan da iyayenta suka raɗa mata ba, domin ita kanta ta manta shi. An haife ta wajen 1869 a ƙauyen Olgossa na yankin Darfur a Sudan. Ba ta kai shekara goma ba masu farautar bayi suka sace ta, suka kora ta a ƙafa har El Obeid, garin da alhazan ƙasar Hausa masu tafiya Makka ta ƙasa suka sani sarai. Su ne suka laƙaba mata Bakhita, wato mai sa'a da Larabci.

An yi ta sayar da ita daga hannu zuwa hannu. A gidan wani janar Baturke aka yi mata tsaga 114 a jiki, ana cusa gishiri a raunukan don tabon ya zauna. A 1883 wani jami'in jakadancin Italiya a Khartoum, Callisto Legnani, ya saye ta, kuma bayan shekara biyu ya tafi da ita ƙasarsu, inda ta zama mai renon 'yar gidan Michieli.

A 1888 uwar gidan za ta yi tafiya Sudan, sai ta ajiye ta da yarinyar wajen sistocin Canossa a birnin Venice. Da ta dawo ɗaukarsu, Bakhita ta ƙi bin ta. Magana ta kai kotu, kuma ranar 29 ga Nuwamba, 1889 aka yanke cewa dokar Italiya ba ta san bauta ba, don haka 'ya ce. An yi mata baftisma a Janairun 1890, ta ɗauki alkawarin zama sista a Disamban 1896.

Daga 1902 ta zauna a garin Schio. Ba ta riƙe wani babban muƙami ba: girki, kula da kayan coci da tsaron ƙofa ne aikinta, kuma a bakin ƙofar nan mutanen gari suka saba da ita har suka ɗauke ta uwa.

Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947. Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana ta waliyiya a 2000, kuma tun 2015 Cocin Katolika ke ware ranar rasuwarta don addu'a kan safarar mutane.